Jakadun Garkuwar Jiki da Bunƙasar Sankarar Ƙoda: Bayani Daga Mahangar Birnin Kano

Tsakure

Sankarar ƙoda na daga cikin cututtukan daji da suka fi cuɗanya da garkuwar jiki. Wannan maƙala ta bayyana yadda wasu ƙananan furotin da ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna saƙo da su, waɗanda ake kira saitokin, suke taka rawa biyu masu karo da juna a wannan cuta: wani lokaci su ciyar da ƙarin gaba, wani lokaci su tayar da rundunar da za ta yaƙe shi. An bi sawun binciken tun daga 1957, an tsaya a kan IL-6 da IL-8 da IL-2, sannan an auna abin da aka gano da yanayin majinyacin da ke zaune a cikin birnin Kano, inda tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da sikila ke iya rikita alamomin da likitocin Turai da Amurka suka dogara da su. An kuma gwada wasu kalmomin Hausa da za su iya ɗaukar wannan fanni.

1.0 Gabatarwa

Mai bin titin BUK daga Gadon Ƙaya zuwa Kabuga yakan bar tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a hannu ɗaya, ragowar ganuwar Kano da Ƙofar Dukawuya a ɗaya hannun. Ganuwa ba ta gani, ba ta ji. Abin da ya sa ta yi amfani a zamaninta shi ne saƙo: sarkin ƙofa ya hango ƙura, ya tashi mutum, labari ya isa fada, mayaƙa su fito. Idan saƙon ya makara, ko ya zo da ƙarya, kaurin ganuwar ba zai ceci kowa ba.

Garkuwar jikin ɗan'adam ma a kan saƙo take tafiya. Fararen ƙwayoyin jini suna warwatse a ɓargo da saifa da kaluluwa da cikin jini, kuma ba sa haɗuwa su yi shawara. Abin da ke haɗa kansu shi ne wasu ƙananan furotin da ƙwaya ɗaya ke fitarwa, wata ta karɓa ta yi aiki da su. Tambayar da masana suka shafe fiye da shekara arba'in suna bi ita ce: me ke faruwa idan ƙwayar sankara ta koyi rubuta irin wannan saƙo, ko ta koyi karanta shi don amfanin kanta? Sankarar ƙoda na daga cikin cututtukan dajin da aka fi gwada wannan tambaya a kansu.

Ƙididdigar Hukumar Binciken Cutar Daji ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta nuna cewa a shekarar 2020 an sami sababbin masu sankarar ƙoda kimanin 431,000 a duniya, kuma kimanin 179,000 sun rasu a dalilinta. A Nijeriya ba ta kai sankarar mama ko ta bakin mahaifa ko ta mafitsarar maza yawa ba. Abin damuwa a nan shi ne lokacin da take bayyana a gaban likita, kamar yadda za a gani a gaba. Maƙalar ta taƙaita ne ga sankarar manya. Ƙarin ƙoda na ƙananan yara, wanda ake kira ƙarin Wilms, cuta ce daban mai asali daban.

2.0 Batun Kalmomi

Bahaushe yana da sunaye uku na wannan rukunin cututtuka: *daji* ko *jeji*, *sankara*, da kalmar aro *kansa*. Kalmar *daji* tana tafe da kayanta, domin a tare da ita akwai tsohon zancen nan cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. A cutar da tiyata ce kaɗai tabbatacciyar hanyar warkar da ita idan an same ta da wuri, wannan zance yana da tsada. Saboda haka an zaɓi *sankara* a matsayin sunan cutar, *ƙari* kuma a matsayin sunan dunƙulen tsokar da ta tsiro.

*Garkuwar jiki* ta riga ta zauna daram tun zamanin faɗakarwa a kan cutar ƙanjamau. Inda ake samun tangarɗa shi ne kalmar *ƙwaya*. A fassarar labaran lafiya a rediyo akan ji ƙwayar cuta da ƙwayar magani da ƙwayar halitta, sannan a yi amfani da ta ƙarshen nan wajen abubuwa biyu mabambanta: tubalin ginin jiki, da kuma umarnin gado da ke rubuce a cikinsa. A wannan maƙala *ƙwayar halitta* na nufin tubalin, *ƙwayar gado* kuma na nufin umarnin.

Sunan saitokin masanin Amurka Stanley Cohen ne ya ƙirƙiro shi a 1974, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ƙwayar halitta da motsi. A 1979, a wani taro a garin Ermatingen na ƙasar Suwizalan, aka amince da sunan intalukin ga wani rukuni daga cikinsu, wato abin da ke kai-komo tsakanin fararen ƙwayoyin jini, aka riƙa gajarta shi IL tare da lamba. Ba a daɗe ba aka gane sunan ya yi ƙunci, domin fata da hanta da ƙoda duk suna fitar da intalukin, suna kuma karɓar sa. Wannan darasi ne ga mai ƙirƙirar kalmomin Hausa: fassara sunan kai tsaye zai dawo da kuskuren da masu shi suka riga suka gane.

An fi karkata a nan ga *jakadan garkuwa*, jam'i *jakadun garkuwa*. *Manzo* yana da nauyin addini, *ɗan aike* kuma ya yi sauƙi. *Jakada* kuwa, a tsarin sarautar Kano kafin zuwan Turawa, shi ne wanda hakimi mai zama a birni yake turawa ƙauyuka da umarni, ya kuma karɓo haraji. Alherinsa da sharrinsa sun danganta ga wanda ya aiko shi da kuma inda ya sauka. Halin saitokin ke nan. Furotin da ke jikin bangon ƙwayar halitta yana karɓar saƙon kuwa an kira shi *makarɓa*. Akwai saura guda da ba a warware ba: *kumburi* a Hausa tashin tsoka ne da ido ke gani, alhali abin da masana ke nufi ya haɗa da tashin hankalin garkuwar jiki wanda ba a gani sai a gwajin jini. An bar kalmar a haka, da wannan faɗaɗawa.

3.0 Inda Sankarar ke Farawa

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya. Ƙodojin biyu suna karɓar kimanin kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa, suna tace ruwa kimanin lita 180 a yini, su mayar da kusan duka cikin jini, abin da ya rage ya zama fitsari kimanin lita ɗaya da rabi. Mayar da ruwan aikin wasu siraran bututu ne, kuma daga ƙwayoyin da suka shafe cikin farkon bututun ne mafi yawan sankarar ƙoda ke tasowa. Likitan Jamus Paul Grawitz a 1883 ya ɗauka daga wata gaɓa da ke saman ƙoda ta fito, saboda launinta ruwan ɗorawa ne irin na gaɓar. Launin na kitse ne da ƙwayoyin suka tara. Idan aka wanke yankan tsokar don dubawa a madubin likita, kitsen yakan narke ya bar ƙwayar fayau, shi ya sa ake kiran wannan nau'i mai ƙwaya garau. Shi ne kusan kashi uku cikin huɗu na cutar. Shan taba da ƙiba da hawan jini da daɗewa a kan wankin ƙoda duk suna ƙara haɗarin kamuwa da ita.

A 1993 Farida Latif da abokan aikinta a Cibiyar Nazarin Cutar Daji ta Amurka suka gano ƙwayar gadon da ake kira VHL a kan kuromosom na 3. Sunan ya samo asali daga likitoci biyu, von Hippel da Lindau, waɗanda suka bayyana wata cuta ta gado mai haddasa ƙari a ido da ƙwaƙwalwa da ƙoda. Daga baya aka tabbatar cewa ko a majinyatan da ba su gaji komai ba, kusan tara cikin goma na sankara mai ƙwaya garau sun rasa aikin VHL.

Aikin nata kuwa shara ne. Kowace ƙwayar halitta tana ƙera wani furotin mai suna HIF ba dare ba rana. Muddin akwai isasshiyar iskar oksijin, ana yi wa HIF alama, VHL ta gane alamar ta miƙa shi a ruguje. Idan iskar ta yi ƙaranci, alamar ba ta samuwa, HIF ya taru ya shiga cibiyar ƙwayar ya kunna umarnin neman agaji: a tono sababbin jijiyoyin jini, a ƙara jajayen ƙwayoyin jini, a ƙara shigo da sukari. Wannan tsari ne ya sa William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza suka sami kyautar Nobel a 2019. Ƙwayar da ta rasa VHL ba ta da mai share HIF, don haka tana ihun shaƙewa ko da tana cikin wadatar iska. Babban abin da take fitarwa a ihun shi ne VEGF, furotin mai sa jijiyoyin jini su tsiro, kuma shi ya sa ƙarin ƙoda yake cike da jini fiye da yawancin sauran. Tana kuma fitar da TGF-alfa, ta kafa makarɓarsa a jikinta, ta aika wa kanta umarnin rabuwa gida biyu. A 2003 Peter Staller da abokansa suka nuna cewa rasa VHL yana ƙara wata makarɓa mai suna CXCR4, wadda ke sa ƙwayar bin ƙamshin wani jakada da ke da yawa a huhu da ƙashi, wuraren da cutar ta fi yaɗuwa.

4.0 IL-6: Jakadan da Ya Koma Hidimar Maƙiyi

Tun a 1863 Rudolf Virchow ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin tsokar sankara, ya kuma zargi daɗaɗɗen kumburi da hannu a cutar. An ɗauki fiye da ƙarni guda kafin a san sunayen masu kai saƙon. A 1986 Toshio Hirano da Tadamitsu Kishimoto a Jami'ar Osaka ta Japan suka tantance ƙwayar gadon IL-6. Bayan shekara uku, a 1989, Miki da abokan aikinsa daga wannan jami'a suka ba da rahoton cewa ƙwayoyin sankarar ƙoda da aka ciro daga majinyata suna fitar da IL-6 da kansu, suna girma da shi, kuma idan aka zuba abin da ke ɗaure IL-6 a cikin kwanon gwaji sai girman ya ja baya. Wato ƙwayar ita ce mai aike, ita ce kuma mai karɓa.

Jakadan ba ya shiga cikin ƙwayar halitta. Iyakarsa ƙofa. Yakan manne wa makarɓarsa, su biyun su jawo wani furotin na bango mai suna gp130. Wannan haɗuwa takan farkar da JAK, wanda ke tsaye daga ciki, shi kuma ya ɗora wa STAT3 alama. STAT3 biyu masu alama sai su haɗu su wuce cibiyar ƙwayar, inda ƙwayoyin gado suke. Mai nazarin sarauta zai ga kama da yadda magana ke tashi daga sarkin ƙofa ta bi hannu-hannu har fada, baƙon da ya kawo ta yana waje. Umarnin da STAT3 ke kunnawa ya haɗa da na gaggauta rabuwa, da na hana ƙwayar kashe kanta idan ta lalace, da na ƙara VEGF. A lafiyayyen jiki akwai birki mai suna SOCS3 da ke yanke zancen bayan ɗan lokaci. A cikin ƙari saƙon ba ya yankewa, domin ba ƙwayar sankarar kaɗai ke fitar da shi ba. Fararen ƙwayoyin da suka zo da niyyar yaƙi, musamman manyan nan masu haɗiye datti da ake kira makurofej, sukan sami kansu a wurin da ya yi kama da rauni, su kama aikin da suka saba yi wa rauni: ciyarwa da tono jijiyoyi da kwantar da faɗa. Da ɗan gari kan ci gari.

Tasirin IL-6 bai tsaya a ƙoda ba, kuma a nan ne bayanin ya fi amfani ga wanda ke jinyar mara lafiya a gida. Idan ya shiga jini ya isa ƙwaƙwalwa, yakan ɗaga ma'aunin zafin jiki, a sami zazzaɓi mai zuwa yana komawa da gumin dare. Idan ya isa hanta, yakan sa ta fitar da CRP, furotin da ake aunawa a ɗakin gwaji a matsayin shaidar kumburi. Yakan kuma sa ta fitar da hefsidin, wanda ke kulle sinadarin ƙarfe a ma'ajiyarsa ya hana hanji shigo da sabo; Elizabeta Nemeth da Tomas Ganz ne suka tabbatar da wannan a 2004. Sakamakon shi ne ƙarancin jinin da maganin ƙarin jini na sha ba ya gyarawa, komai yawan kwalaben da aka saya. Ƙwayoyin daskarar da jini sukan ƙaru. A wasu majinyatan gwajin hanta kan rikice alhali sankarar ba ta taɓa hantar ba, ya kuma daidaita bayan an cire ƙodar, yanayin da Maurice Stauffer ya bayyana a 1961. Ke nan mutum zai iya shafe watanni yana fama da zazzaɓi da kasala da rama, babu ciwo ko kaɗan a kwiɓinsa.

Ramar tana da nata tarihin, kuma ya biyo ta Afirka. Anthony Cerami ya ga yadda shanu masu sammore a Kenya suke ƙarewa ƙashi da fata alhali ƙwayoyin cutar da ke jininsu ba su da yawan da zai cinye su haka. Ya yi zargin jikin dabbar ne da kansa ke fitar da abin da ke ramar da ita. A 1985 shi da Bruce Beutler suka nuna cewa wannan abu shi ne TNF, jakadan da Lloyd Old da abokansa suka gano a 1975 a matsayin mai kashe ƙari a jikin ɓeraye. Furotin ɗaya, an same shi ta ƙofa biyu, da suna biyu masu saɓani.

A 1992 Jean-Yves Blay da abokansa a Lyon suka nuna cewa majinyatan da cutarsu ta yaɗu, waɗanda IL-6 ya yi yawa a jininsu, sun fi saurin rasuwa. Hankali zai ba da cewa toshe IL-6 zai zama magani. An gwada hakan da siltuximab, aka wallafa sakamakon a 2010: cutar ta tsaya cik na ɗan lokaci a wasu, amma ƙarin bai ja da baya ba sai a ƙalilan ƙwarai, kuma maganin bai sami shiga jerin magungunan sankarar ƙoda ba. Ɗan'uwansa tocilizumab, mai toshe makarɓar IL-6, shi ne ya yi suna a lokacin annobar korona wajen kwantar da garkuwar jikin da ta wuce gona da iri. Abin da gazawar ta nuna shi ne ƙarin yana da jakadu fiye da ɗaya. IL-8, misali, yana kiran wasu fararen ƙwayoyi masu suna nitirofil, yana kuma tsiro da jijiyoyin jini ta hanyar da ba ta bi ta VEGF ba. Wani bincike na 2010 ya nuna cewa ƙarin da ya daina jin maganin sunitinib a jikin ɓeraye ya ƙara fitar da IL-8, kuma a 2020 rahotanni biyu a mujallar *Nature Medicine* suka danganta yawan IL-8 a jini da ƙarancin amfanuwa da sababbin magungunan garkuwa.

5.0 Ɗaya Fuskar: Intaferon da IL-2

Sankarar ƙoda ba ta jin kimoterafi, kuma gashi na al'ada bai cika yi mata tasiri ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ta gaji sana'ar uwarta: ƙwayoyin bututun ƙoda suna da famfon fitar da guba, kuma maganin ma guba ne a wurinsu. Sai dai likitoci sun daɗe da lura da wani abin mamaki. A 1966 Everson da Cole suka tattara rahotanni 176 na sankarar da ta ja baya da kanta ba tare da isasshen magani ba, kuma ta ƙoda ce ta fi yawa a ciki. Abin ba ya kai ɗaya cikin ɗari, amma ya isa ya nuna cewa garkuwar jiki tana iya ganin wannan ƙari.

Intaferon shi ne jakadan farko da aka gano, a 1957, a hannun Alick Isaacs da Jean Lindenmann a Landan. Yana rage saurin rabuwar ƙwaya, yana kuma sa ta baje abin da ke cikinta a bango don masu sintiri su gani. Gwajin da aka yi a Ingila aka wallafa a 1999 ya nuna ya ƙara wa majinyata kimanin wata biyu da rabi. IL-2 kuwa an gano shi a 1976 a matsayin abincin ƙwayoyin T, mayaƙan da ke kashe ƙwayar da ta lalace. Steven Rosenberg ya riƙa ba majinyata shi da yawan gaske, kuma a 1992 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. A cikin majinyata 255 da aka dogara da sakamakonsu, ƙarin ya ragu a kimanin kashi 15 cikin ɗari, ya ɓace gaba ɗaya a kashi 5 zuwa 7, kuma da yawa daga waɗannan ba ta sake dawo musu ba. Kuɗin da aka biya shi ne jijiyoyin jini su riƙa yoyo, hawan jini ya faɗi, ruwa ya cika huhu, har kimanin kashi 4 cikin ɗari suka rasu saboda maganin. Ba a iya ba da shi sai a asibiti mai ɗakin kulawa ta musamman.

Akwai wani abin lura a nan Kano. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake dashen ƙoda tun 2002, aikin likita shi ne ya danne wannan jakada ɗin. Magunguna irin su tacrolimus da ciclosporin da ake ba wanda aka yi wa dashe suna hana ƙwayoyin T ƙera IL-2 ne, don kada su far wa baƙuwar ƙoda. Abin da ake kashewa don a tsare ƙodar dashe shi ne ake hurawa don a kashe ƙarin ƙoda, kuma sananne ne cewa waɗanda aka yi wa dashe sun fi sauran mutane haɗarin sankara a tsofaffin ƙodojinsu.

IL-2 ma ba fuska ɗaya gare shi ba. Shimon Sakaguchi ya nuna a 1995 cewa akwai wani rukunin ƙwayoyin T masu aikin sulhu, waɗanda ke hana sauran faɗa, kuma su ne suka fi kowa kwaɗayin IL-2. Kaɗan daga cikinsa masu sulhun yake ciyarwa; sai ya yi yawa yake isa ga mayaƙa. An yi ƙoƙarin sake masa fasali don ya tsallake masu sulhu, amma babban gwajin bempegaldesleukin a sankarar ƙoda ya gaza a 2022. Haka intaferon-gama, wanda mayaƙan ke fitarwa a fagen fama, yakan sa ƙwayar sankara ta ɗaga wata tuta mai suna PD-L1, wadda ke umartar mayaƙin ya ajiye makami.

Magungunan yau daga wannan fahimta suka fito. Sorafenib a 2005 da sunitinib a 2006 suna toshe makarɓar VEGF. A gwajin 2007 sunitinib ya riƙe cutar wata 11, intaferon wata 5. Nivolumab, wanda aka amince da shi a 2015, yana hana mayaƙin ganin tutar nan. Belzutifan na 2021 yana kama HIF ɗin kansa.

6.0 Kwanon Gwaji da Jikin Mutum

Yawancin rahotannin da ke cewa jakada kaza yana haɓaka sankarar ƙoda daga kwanon gwaji suke fitowa, inda ake kiwon zuriyar ƙwayoyi irin su 786-O da Caki-1 da ACHN, waɗanda aka ciro daga majinyata tun shekarun 1970. Gwaji ɗaya ya isa ya nuna iyakar wannan hanya. A 1995 Othon Iliopoulos da Kaelin suka mayar wa ƙwayoyin 786-O lafiyayyar VHL. A cikin kwano ba su fasa girma ba. Da aka dasa su a jikin ɓeraye kuwa, sai suka kasa yin ƙari yadda suka saba. Bambancin yana wurin maƙwabta: jijiyoyin jini da sauran ƙwayoyin da saƙon ke nufa babu su a kwano. Duk mai fassara labarin kimiyya zuwa Hausa ya kamata ya fara tambayar a ina aka yi gwajin, kafin ya rubuta cewa an gano magani.

7.0 Majinyacin Cikin Birni

A Turai da Amurka fiye da rabin masu wannan cuta ana gano su ne bisa katari, lokacin da aka ɗauki hoton ciki don wani dalili daban. Alamomi ukun da littattafai ke ambata, wato jini a fitsari da ciwon kwiɓi da dunƙule a ciki, ba sa haɗuwa sai a kimanin ɗaya cikin goma. Rahotannin asibitocin koyarwa na Nijeriya sun nuna akasin haka: yawanci sai ƙarin ya girma har hannu na iya taɓa shi, majinyatan sun fi na Turai ƙuruciya, mata kuma ba su gaza maza yawa ba.

A ɗauki magidanci a Dukawuya da ya ga jini a fitsarinsa. Idan ya yi wanka a kududdufan bakin ganuwa yana yaro, yana da sunan da zai ba abin tun kafin ya ga likita: tsargiya. Jinin sankarar ƙoda kuma ba ya ciwo, yakan zo ya ɗauke na makonni, wanda ke ƙara tabbatar masa cewa maganin da ya sha ya yi aiki. Zazzaɓin da IL-6 ke kawowa za a kira shi maleriya ko taifot, ƙarancin jinin a bi shi da maganin ƙarin jini. Kowane mataki yana da hujjarsa, domin waɗannan cututtuka sun fi sankara yawa nesa ba kusa ba. Amma jini a fitsarin wanda ya haura arba'in yana bukatar hoton ciki ko da an sami ƙwan tsargiya, tun da ita kanta tsargiyar tana jawo sankarar mafitsara.

Matsalar ta bi majinyacin har ɗakin gwaji. Ma'aunin da Daniel Heng da abokansa suka fitar a 2009, wanda ake amfani da shi wajen hasashen yadda cutar za ta kasance da zaɓen magani, ya dogara ga abubuwa shida, huɗu daga cikinsu na jini ne: ƙarancin jini, yawan kalsiyam, yawan nitirofil, da yawan ƙwayoyin daskarar da jini. Uku daga cikin huɗun sawun jakadun garkuwa ne. An gina ma'aunin a kan majinyatan Amurka da Kanada. A Kano maleriya da tarin fuka da tsutsar ciki duk suna taɓa waɗannan alƙaluma, kamar yadda suke ɗaga CRP.

Akwai kuma bambanci na gado. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da furotin Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu, abin da ke kare su daga nau'in maleriya na vivax, kamar yadda Louis Miller ya nuna a 1976. A 1993 aka gano cewa Duffy makarɓa ce mai tsotse IL-8 da danginsa daga jini. Waɗanda ba su da ita adadin nitirofil ɗinsu na lafiya ya fi na Turawa ƙasa. Abin da ke biyo baya a hankalce shi ne Bakano zai iya samun nitirofil da ya hau sosai a ma'aunin jikinsa, amma bai tsallake layin da aka ja a Turai ba, a sanya shi a rukunin masu sauƙin cuta. Haka duk wani layi da za a ja wa IL-8 a jini. Wannan aiki ne da ɗakunan gwaji na Kano da Zariya da Sakkwato suka fi kowa cancantar yi, kuma ba ya bukatar na'ura mai tsada kamar yadda yake bukatar rajistar majinyata mai kyau.

Sai nau'in da ya fi shafar wannan yanki kai tsaye. A 1995 Davis da Mostofi da Sesterhenn suka bayyana wata sankara ta tsakiyar ƙoda wadda kusan ba a ganin ta sai a masu ɗauke da gadon sikila, galibi masu rukunin AS, matasa, kuma ta fi kama ƙodar dama. Tsakiyar ƙoda wuri ne mai ƙarancin iska da yawan gishiri, inda jajayen ƙwayoyin mai AS ma kan lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi. Wannan nau'i ba ta hanyar VHL yake tasowa ba. Wata ƙwayar gado ce mai suna SMARCB1 ke ɓacewa, don haka magungunan toshe VEGF ba sa yi masa aiki, kimoterafi ake ba shi, kuma yawancin majinyata ba sa wuce shekara guda da 'yan watanni. Cutar ba ta da yawa ko a cikin masu AS, kuma bai dace a tsorata kowa da ita ba. Sai dai kusan duk abin da aka rubuta a kanta daga baƙaƙen fatar Amurka aka samo shi, inda masu AS ba su kai ɗaya cikin goma ba, alhali a Nijeriya sun kusa ɗaya cikin huɗu. Tabbatar da ita yana bukatar a yi wa yankan tsokar rini na musamman da zai nuna ɓacewar SMARCB1, sannan takardar da ke raka tsokar zuwa ɗakin gwaji ta faɗi rukunin jinin majinyacin.